Masu Neman Gida a Hanyar Zango

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina mijin ƙanwata, Abdulbaƙi, ya fita neman gidan haya. Ni sunana Jafaru, ɗinki nake yi a bakin kasuwar Daura. A gidana suka sauka shi da ƙanwata Siddiƙa tun da aka yi masa canjin wurin aiki daga Abuja, kuma a lokacin sun yi mako uku a ɗakin baƙina. Siddiƙa na ɗauke da ciki wata takwas, na fari, bayan shekara shida ana zuba ido.

Gara in faɗa tun yanzu, jinina bai taɓa haɗuwa da na mutumin nan ba. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Sandamu. Mahaifinsa har ya koma ga Allah a kan jaki yake kai gero kasuwa. Amma shekara tara a Abuja ta ishi Abdulbaƙi ya manta hanyar gida. In an kawo tuwo sai ya nemi cokali. Ruwan randa ba ya sha, sai na gora. In an ɗauke wuta sai ya ja tsaki ya dube ni, kamar ni na ɗauke ta. Garin nan kuwa ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba, kullum "wannan ƙauyen naku".

Na haɗa shi da Malam Mati, wani dattijon dillalin gidaje mai haƙurin gaske, wanda babu lungun da bai sani ba daga cikin birni har bayan gari. Da hantsi suka fita a motar Abdulbaƙi. Abin da ya gudana da rana Malam Mati ne ya ba ni labari. Na magariba kuwa daga bakin mai shi na ji.

Gidan farko a cikin gari yake, ɗaki uku da zaure. Abdulbaƙi ya leƙa bayan gida, ya ga masai ne, ya fito yana toshe hanci da hankici.

"A wannan zamanin?" in ji shi. "Har yanzu rami kuke tsugunawa?"

"Ranka ya daɗe, ana iya sa na zamani, aikin kwana biyu ne."

"Mu je."

Gida na biyu akwai injin markaɗe a maƙwabta. Bai ma fito daga mota ba. Na uku ya ce fentin ya yi kama da na shagon aski. Na huɗu ya ce lungun ya yi wa motarsa ƙunci, kuma yaran unguwar sun cika kallo.

Bayan azahar suka isa na biyar, a wata unguwa da ke gefen gari inda gidaje suka fara haɗuwa da gonaki. Gida ne mai sashe biyu, da shuɗiyar ƙofa, da darbejiya a bakinta. Sashe ɗaya babu kowa. Ɗayan kuma wani mai gyaran babur ne a ciki, Harisu, da matarsa Talatu. Harisu na wurin aiki. Talatu ce ta amsa da Malam Mati ya yi sallama ya kira sunanta, ta fito da hijabi tana tafiya da ƙyar, don ita ma cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Duk da haka sai da ta shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ta kawo ruwa a kwanon sha.

Abdulbaƙi ya karɓi kwanon, ya leƙa cikinsa, ya ajiye a ƙasa. Bai zauna ba. A tsaye ya shiga yi mata tambayoyi, yana kallon awaki biyu da ke ɗaure a turke.

"Ruwa fa? Famfo na kawowa?"

"Wani lokaci. In bai zo ba 'yan ga-ruwa na wucewa safe da yamma, ba ma rasawa."

"Wuta?"

Ta yi dariya. "Takan leƙo mu gaisa."

"Sabis ɗin waya?"

"In ka tsaya gindin darbejiyar nan yana kamawa sosai. Wallahi Alhaji lafiya lau muke zaune a nan. Kasuwa ba nisa, asibiti babur ɗaya ne, maƙwabta kuma na kirki. Malam Mati ya ce uwargidan ma tana da juna biyu. In ta sauka ba za ta rasa mai dafa mata ruwan wanka ba, ga ni nan."

Ya juya ya yi gaba. Sai da suka shiga mota ya kunna sanyi, sannan ya ce, "Malam, ka dube ni da kyau. Ni zan haɗa matata tsakar gida ɗaya da awaki da matar bakanike?"



Suna dawowa ta hanyar Zango ne Abdulbaƙi ya taka birki. Can nesa da kwalta, a tsakiyar gonakin gero, akwai wani gida shi kaɗai. Doguwar katanga fara, jan rufi na zamani, baƙin get mai ƙyalli.

"Yauwa. Ga gida. Me ya sa tun safe kake yawo da ni a kangaye?"

"Wannan ba ya cikin nawa," in ji Malam Mati.

"Akwai mutane a ciki?"

Dattijon ya dubi gidan. "Babu ɗan haya."

Ya gaya masa abin da kowa ya sani. Wurin da can kurmin tsamiya ne, manya guda bakwai, ko makiyaya ba sa hutawa a ƙarƙashinsu. Da aka zo yanka filaye aka sa katafila ta tumɓuke su a yini ɗaya. Wani ɗan kasuwa da ke zaune a kudu ya gina gidan, bai taɓa kwana a ciki ba. An sa 'yan haya sau uku. Babu wanda ya cika wata.

Abdulbaƙi ya yi dariya har da buga sitiyari.

"Shi ya sa ba za ku ci gaba ba. Gida kamar wannan a bar wa ƙadangaru saboda tatsuniya."

"Ranka ya daɗe, ni dai ba zan kai ka ba. In kuma ka matsa sai ka gani, ka je da rana tsaka, ka tafi da mutane, ka yi sallama a ƙofa."

Ya sauke dattijon a bakin masallaci, ya tsaya ya ci abinci a wani wuri da ya ga ya dace da shi. Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa, sannan ya juya kan mota ya koma hanyar Zango shi kaɗai.

Daga kwalta wani ɗan burtali ne ya shiga gonaki. An yi ruwa da asuba, hanyar duk taɓo. Gero ya yi tsayi har ya fi motar, ganyensa na shafar gilashi hagu da dama. Ya sauke gilashin kaɗan. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, da kukan kwaɗi daga kududdufai, da ƙarar babura can baya a kan titi tana raguwa.

Ya tsaya a bakin get ɗin. A buɗe yake, kamar faɗin mutum ɗaya.

Da ya kashe mota sai ya lura kwaɗin sun yi shiru. Ba su rage ba, ɗif suka yi gaba ɗaya. Sauti ɗaya ne ya rage, daga cikin gidan. Shara. Ƙarar tsintsiya a kan siminti, a hankali, ba gaggawa.

Ya tura get ya shiga. Bai yi sallama ba.

Wata tsohuwa ce ke sharar, 'yar ƙarama, ta duƙa ta ba shi baya, da baƙin zane har ka. Tsakar gidan fes yake, babu ko tsinke, amma tana ta shara. A kan dakalin baranda kuma wani tsoho na zaune da tsohuwar riga mai launin ƙasa, ya sunkuyar da kai, hannayensa cikin riga.

"Kai," in ji Abdulbaƙi. "Kai ne mai gadi?"

Tsohon bai ɗago ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya.

"A'a. Mu ma neman wurin zama muke."

Abdulbaƙi ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi tsohuwar, ya yi murmushi.

"Ku? A nan? To Allah ya ba da sa'a."

Ya wuce su ya murɗa ƙofar falo. Ta buɗe.

Ya ce tun da ya baro Abuja bai ga abin da ya kwanta masa a rai kamar falon nan ba. Farin tayil, silin mai ado, manyan tagogi. Duhu ya fara shigowa, sai ya danna makunni. Fitilu suka kama. Ya ji daɗi ƙwarai. Sai daga baya, yana kwance a gidana, ya tuna cewa tun daga kwalta har gidan bai ga turken wuta ko ɗaya ba, bai kuma ji ƙarar janareta ba.

Ya shiga kicin ya murɗa famfo. Ruwa ya zubo da ƙarfi. Ya tara hannu. Ruwan da ɗumi, ɗumin jikin mutum, kuma yana tashin tsami. Ya goge hannu a wando.

Ya bi wani dogon lungu mai ƙofofi. Ɗaki na farko, da banɗakinsa. Na biyu haka. Na uku. Na huɗu. A na biyar ya ɗan tsaya, don daga waje gidan bai yi girman haka ba. Ya waiwaya. Hasken falo ya yi nisa, ya zama ɗan ƙarami kamar fitilar ƙwai.

Akwai wani wari da ke bin lungun. Turaren wuta a sama, a ƙarƙashinsa kuma warin ɗanyen itace da ya ruɓe a ƙasa.

Can nesa, daga wajen gari, aka fara kiran sallar magariba. Ya ji kabbara ta farko. Ta biyu ba ta iso ba, kamar an rufe tukunya.

Sai ƙarar tsintsiyar nan. Yanzu a cikin gidan take. A bayansa.

Ƙofa ɗaya ta rage a ƙarshen lungun. Ya ce shi bai san ya buɗe ta ba, kawai ya gan shi a tsakiyar ɗakin. Babban ɗaki ne, babu taga. Ƙofar ta rufu a hankali, ya ji harshen makulli ya faɗa.

Fitilar ta koma ja, ta dusashe.

Ba shi kaɗai ba ne.

Suna zaune a jikin bango, kewaye da ɗakin, sun haɗa kafaɗa. Manya da ƙanana. Wasu da ƙunshin kaya a gabansu, wasu da tukwane, wasu da tabarmi a naɗe, kamar mutanen da ke jiran mota a tasha. Ba ya ganin fuskokinsu. Numfashinsu kawai yake ji, gaba ɗaya suke ja, gaba ɗaya suke saki.

Ya so ya juya. Ƙafa ta ƙi. Ya so ya yi ihu. Harshensa ya manne a ganɗa.

Ya laluba Ayatul Kursiyyu a zuciyarsa. Ya samu farkonta. Sauran babu. Ya daɗe bai bi ta kanta ba.

Tsohon nan na baranda ya taso daga cikinsu. A zaune ƙarami ne. Da ya miƙe sai da ya ranƙwafa don kada kansa ya taɓa silin. Ya fito da hannu daga cikin riga. Yatsun dogaye ne, kowanne da gaɓoɓi fiye da na mutum.

Tsohuwar ta jingine tsintsiya, ta zo ta tsaya a gefensa.

"Duba mana shi," ta ce da raɗa.

Tsohon ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙirjin Abdulbaƙi. Sau uku. Sanyin yatsan ya ratsa riga har ƙashi. Ya kara kunne ya saurara.

"Ginin ya tsufa?" wani ya tambaya daga jikin bango.

"Bai tsufa ba. Fenti ne dai ya yi yawa."

Yatsu biyu suka buɗe bakinsa. Wani abu mai sanyi ya leƙa maƙogwaronsa. Aka ja kunnensa, aka hura iska a ciki. Aka ɗaga fatar idonsa.

"Akwai haske a ciki?"

"Babu. An daɗe ba a kunna ba."

"Ɗaki nawa?"

"Ɗaya tal. Kuma shi kaɗai ya cika shi, ko buta ba za a ajiye ba."

Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa da tasa. Ba ta da ƙwayar ido, fari ne kawai, kamar dafaffen ƙwai. Ta shinshina bakinsa, ta kawar da kai, ta tofar da yawu a kan tayil.

"Tir. Ko akuyata ba zan ɗaure a nan ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, ƙasa-ƙasa, kamar iska cikin busasshen kara. Abdulbaƙi ya ce mini, kuma wannan ne ya sa na san ko wane ne shi, wai a cikin tsoron nan sai da ya ji zafin maganar.

Tsohon ya juya zai koma. Fitsari ya riga ya jiƙa wa Abdulbaƙi wando, amma ya fara sa ran za su sake shi.

Sai tsohuwar ta tsaya.

Ta sake shinshinawa. Wannan karon rigarsa. Kafaɗa, hannu, wuya.

"Tsaya," ta ce. "Akwai ƙanshin sabon gini a jikinsa."

Numfashin ɗakin ya tsaya.

"Sabo fil. Ba a taɓa shiga ba. Ko ƙofa ba a buɗe ba tukuna."

Na jikin bango suka fara motsi. Ya ji ana jan ƙunshin kaya a kan tayil. Ana matsowa.

"Matarsa," in ji wani.

"Ta kusa."

"Zai ɗauke mu duka?"

"Sabon gini yana buɗawa."

Tsohon ya dawo, ya ranƙwafo har goshinsa ya kusa taɓa na Abdulbaƙi.

"Ɗan Adam. Kun rushe namu. Damina uku muna zaune a kan kayanmu. Mu ba ma shiga sai an ba mu. Ina take?"

Ya taɓa leɓensa da yatsa. Harshen ya saku.

To a nan nake so mai karatu ya tsaya. An sake masa harshe. Da bakin nan zai iya kiran sunan Allah, ko yaron goye ya san wannan. Zai iya cewa ba zai faɗa ba, su yi abin da za su yi da shi. Zai iya yin shiru.

Ga abin da ya ce.

"Gefen gari. Bayan makarantar firamare. Gida mai shuɗiyar ƙofa, da darbejiya a baki. Tana sashen hagu."

"Sunanta?"

"Talatu."

"Ka ba mu?"

"Na ba ku."

"Ka ba mu?"

"Na ba ku."

"Ka ba mu?"

"Na ba ku! Ku sake ni!"



Sannan tsohuwar ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Mun san ba taka ba ce," ta ce. "Taka tana gidan tela. So muka yi mu ji ko bakinka zai iya."

Tsohon ya ɗauki wani ƙunshi ya saɓa a kafaɗa.

"Amma kyauta kyauta ce. Fita. Kana sa mana wari."

Makulli ya faɗa. Ƙafafunsa suka dawo.

Ya ruga.

Lungun ya ƙi ƙarewa. Ƙofofi na wucewa, goma, ashirin. A bayansa ana ta ɗaga kaya, tukwane na karo da juna, ƙafafu marasa takalmi na bin tayil. Ba shi suke bi ba. Hanya ɗaya ce kawai.

Ya faɗi a falo, haƙorinsa ya bugi ƙasa. Ya tashi. Takalmi ɗaya ya fita. Ya bar shi.

Waje duhu ya rufa. Ya faɗa mota, ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Ya sake. Babu.

Get ya fara buɗewa a hankali, duka ɓangare biyu.

Ya bar motar ya faɗa cikin gero.

Ganye na yankar fuskarsa. Taɓo na riƙe ƙafa. Ta gefensa, a kan burtali, ya ji suna wucewa. Jerin gwano, ba fitila, ba magana. Geron na kwantawa yana tashi. Sun nufi gari.

Ya kwanta a tsakanin kunyoyin gero ya cusa fuska a laka har suka wuce.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Wani ɗan acaɓa da ya taso daga Zango ne ya tsince shi a bakin kwalta yana rarrafe. Ana idar da sallar isha'i aka sauke shi a ƙofar gidana, ba takalmi, baki duk jini. Siddiƙa ta fasa kuka. Muka kira malamin unguwarmu ya yi masa tofi, aka kira mai allura ya sa masa ruwa. Kwana uku yana zazzaɓi, in an taɓa ƙirjinsa sai ya ƙwala ihu.

Ranar Asabar da hantsi zazzaɓin ya sauka. Ya sa Siddiƙa ta fita, ya riƙe hannuna, ya zayyana mini duk abin da na faɗa muku. Yana gamawa ya ce, "Yaya Jafaru, ka ga dai dabara ta cece mu. Da yanzu Siddiƙa ce."

Dabara. Haka ya kira ta.

Na zare hannuna. "Tun Laraba da dare kake da baki. Ka aika a gaya wa mutanen nan su nemi tsari?"

Ya kawar da kai. "Wa zai yarda? Kuma in magana ta fita, ina zan sa fuskata a ofis?"

Ban tsaya neman hula ba. Na hau babur na ɗauki Malam Mati muka nufi gidan. Tun daga bakin darbejiya muka ga takalman mata a ƙofa. Harisu ya fito yana murmushin gajiya, muka yi musabaha.

"Ai an sauka," ya ce. "Tun Laraba da dare, bayan isha'i kaɗan. Namiji."

Muka yi barka. Na tambayi lafiyar mai jego da jariri.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ya ɗan sosa ƙeya, ya rage murya. "Sai dai bai yi kuka ba. Har yau. Ungozoma ta ce da ido buɗe ya fito, yana bin kowa da kallo. Kuma in magariba ta yi, Talatu ta ce tana jin kamar ana jera kwanuka a ɗakin. Na ce mata gajiya ce."

Malam Mati ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Na ce a samu malamai su yi wa yaron addu'a, ni zan kawo su. Na kawo su kuwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Amma ban gaya wa Harisu daga inda abin ya fito ba. Na tuna ƙanwata da cikinta, na haɗiye. Wannan nawa laifin ne, ina ɗauke da shi.

Siddiƙa ta haifi mace bayan mako biyar, lafiyayya, aka sa mata Amatullah. Har yau ba ta san komai ba. Abdulbaƙi ya samu gidan da yake so a unguwar ma'aikata. Motar ma da rana tsaka aka je ɗauko ta, ta tashi da murɗawa ɗaya. Gidan hanyar Zango kuwa an sa masa ɗan haya a shekarar, wani malamin asibiti da iyalinsa, kuma suna nan zaune lafiya. Babu abin da ya taɓa damunsu.

Yaron Talatu, Yazid, ya girma. Yana ci, yana tafiya, ba ya ciwo. Magana ce dai babu, ko "Umma". Ba ya wasa da yara. Talatu ta rame ta zama kamar kara, dariyar nan tata ta tafi.

Bara, ana saura mako biyu ƙaramar salla, ta kawo mini ɗinki da yamma, yaron na riƙe da gefen hijabinta. Aka yi rashin sa'a Abdulbaƙi na shagon, ya zo karɓar kaftaninsa. Bai gane ta ba. Ita ma ba ta kula shi ba, tana ta kwance yadi.

Yaron ya saki hijabin. Ya taka har gaban Abdulbaƙi, ya ɗaga kai ya dube shi. Ya buɗe baki.

Muryar tsohuwa ce ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Wurin ya yi mana. Mun gode."

Talatu ta saki yadin ta durƙushe, tana kuka tana dariya, tana cewa ɗanta ya yi magana, Malam Jafaru ka ji, ya yi magana. Abdulbaƙi ya fita da baya, ya bar kaftanin a kan teburi.

Yanzu ya tara gemu, carbi ba ya barin hannunsa. A majalisa yakan ba da labarin yadda ya shiga gidan aljanu ya fito da ƙarfin addu'a, mutane na jinjina kai. In limaminsu ya yi tafiya har shi ake turawa gaba.

Ranar da ziyara ta kai ni unguwarsu aka tayar da salla na ga shi ne a gaba, sai na koma bakin famfo na zauna. Na jira suka sallame, sannan na yi tawa ni kaɗai.